Hantar Suruki

Masaƙar tana aiki cikin tulun gilashinta, allurai sirara kamar gashin jariri suna kai da kawowa, suna jera ƙwayoyin halitta zare bisa zare. Daga hantar mai rai ake yanko tsoka kamar tafin hannu, masaƙar ta ɗora saƙa a kai har ta cika hanta guda, a dasa wa mara lafiya. Da wannan na'ura Birnin Rumfa ya yi suna, garin da aka yi wa rufi tun da zafin rana ya hana mutane fita.

Bayan dashe sai bibiya, ita kuma cibiyar da ke binciken dashen ta bar ta a hannun wata na'ura da ake kira Matambayiya. Ita ke tambayar majiyyaci yadda yake ji, kuma sai ya yi ƙorafi take tura shi gwajin jini. Da yake binciken yana kwatanta lafiyar mai bayarwa da ta mai karɓa, tare ake shigar da su ɗakinta, a zaunar da su kusa da juna. Sakamakon kuwa kullum sai kyau yake ƙarawa. Da wuya a sami mai kuka da wani abu.

Dakta Turai, mai tattara sakamakon binciken, ta daɗe tana alfahari da haka, har ranar da aka kawo Malam Sambo maɗinki a kwance, ciki a kumbure, idanu kamar garin ɗorawa. Hoto ya nuna bututun matsarmama ya tsuke a wurin haɗi, ɗacin ya koma baya ya cinye hantar. Matsala ce da ake gyarawa cikin sauƙi in an gano ta da wuri. Lawwali, mijin 'yarsa, wanda aka yanki hantarsa, yana tsaye a gefen gado.

"Baba, tun yaushe kake jin ciwo?" in ji Turai.

"Ba komai, likita. An gode Allah."

Sai da Lawwali ya fita sallar la'asar tsohon ya riƙo bakin mayafinta.

"Tun damina nake susa har jini, 'yata. Nan gefen kamar an sa garwashi."

"To me ya hana ka gaya wa na'ura?"

"Haba! Yaron nan yana zaune a gefena. An tsaga cikinsa domina, in buɗe baki a gabansa in ce abin da ya ba ni ba shi da kyau? Surukina fa! Da wane ido zan dube shi?"

Turai ta nufi ofishin Farfesa Garkuwa, shugaban binciken, ta shiga ko sallama babu.

"Sakamakonmu ƙarya ne. Kunya muka auna, ba lafiya ba. Uwa a gaban ɗanta, wa a gaban ƙanensa, wa zai kushe kyauta a gaban mai ita? A dakatar da dashe, a kira kowa shi kaɗai a ɗebi jininsa."

"Sassauta murya, Dakta. Garuruwa suna jiran masaƙarmu. Majiyyacin da ya ɓoye ciwo ya saɓa ƙa'ida, sai a cire shi daga lissafi."

"A cire shi? Daga wata duniya ka faɗo, Farfesa? Kai ka taɓa cewa kanka na ciwo a gaban surukarka?"

Ya mayar da ido kan allonsa.

Da ta gaya wa Lawwali gaskiya, sai da ya naushi bango.

"Kun iya saƙa hanta, amma ba ku iya rufe ƙofa ku tambayi dattijo shi kaɗai ba? To a sake yanka ni. Yau ɗin nan!"

Turai ta girgiza kai. Hantarsa ba ta gama cikowa ba, jikin tsohon ma ba zai ɗauki wata tiyatar ba. Abin da ya rage kawai shi ne a rage masa zafi, kuma ko wannan ba ya yiwuwa sai ya faɗi inda ke ciwo.

Lawwali ya koma ya durƙusa a bakin gadon. Malam Sambo ya cije leɓe, gumi na tsattsafo masa, ya yi murmushi.

"Na ji sauƙi sosai. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Baba. Bari in je in dawo."

Ya fita ya ja ƙofa. Bai yi nisa ba ya ji nishin tsohon, mai tsawo, irin wanda aka daɗe ana dannewa. Ya tsaya, hannunsa a kan tabon cikinsa. Sannan ya ƙara gaba har ƙarshen baranda, inda ba zai ji ba, ya bar surukinsa ya yi kuka a sake.