Matar da ke Gefen Hoton Titus

Da safiyar Talata Ruth, sakatariyar ofishin mishan, ta ɗaga murfin sikana, na'urar kwafar hoto, ba hoto. Ta rufe ta sake ɗagawa, sai ka ce zai dawo. Ta duba ƙarƙashin tebur, ta duba bayan ordinater, wato kwamfuta, ta zazzage kwandon shara. Babu shi. Ta zauna ta dafe kai.

Hoton marigayi Majo Titus ne, tsohon ma'aikacin jinya na asibitin mishan da ke kusa da Madawa. Matarsa Hulda ta kawo shi da kanta, naɗe a kallabi, don a sa shi a bangon ɗan littafin tunawa da za a raba a majami'a. Titus mutum ne mai gudun masu hoto, wannan kaɗai aka taɓa kama shi. Da Hulda za ta miƙa shi sai da ta ce, "Ruth, ɗiyata, wannan shi ya rage mini."

Ajidan Alƙasim na jandarmomin Madawa ba bincike ya kawo shi asibitin ba, haƙori ne. Yana zaune a layi da kumatu kamar ya ɓoye goro, ya ji ana kuka a biro, ofishin Ruth. Da aka faɗa masa hoton wane ne, ya miƙe. Titus ne ya ɗinke masa ƙafa lokacin da babur ya kayar da shi a hanyar Buza. Jandarma guda a kan hoto! Masu jiran layi suka yi ta dariya, bai kula su ba.

Ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Ƙarafan taga suna nan daram. Ordinater, sikana, na'urar bugawa, har rediyon Ruth, ba abin da aka taɓa.

"Bayan hoton, mi ya ɓace?"

Ruth ta waiga ko'ina, idonta ya tsaya a kan wata ƙusa a bango. "Almakashi. Babba ne, nan yake rataye kullum."

"Kina aiki da shi?"

"Tun da ordinater ta zo ba wanda ya taɓa shi."

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Jonatan magatakardan majami'a, da Baba Ango mai shara."

"Wa kuma ya shigo jiya?"

"Mama Lahadi ungozoma. Ta leƙo ta ga fuskar Majo a gilashin ordinater, ta yi kuka, ta fita."

Alƙasim ya fara da Jonatan. Mutum ne mai yawan bayani, tambaya ɗaya amsa goma.

"Ina kake jiya da marece?"

"Buza. Na bi motar asibiti tun azahar, yanzu munka dawo. Ga direba nan, ga makullina a aljihu."

Direban ya tabbatar. Alƙasim ya nuna ƙusar. "Almakashin fa?"

"Nawa ne na da," in ji Jonatan, har da ɗan alfahari. "Kahin ordinater ni ke yin littattafan nan. In ɗora rula, in ja layi, in yanke hoto daidai wurin da nike so, in manna da kol, a kai wurin fotokofi. Ragowar in zubar ƙasa, Baba Ango ya share. Shekaru muna haka."

Lahadi ba ta ɗauki lokaci ba. Ba ta da makulli, kuma daga fitarta biro har magariba tana ɗakin haihuwa, mata biyu suka shaida. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi tafiya, tana share ido da gefen zane.

Ango dattijo ne siriri, mutumin Azarori, musulmi a cikin ma'aikatan mishan, kowa Baba yake ce masa.

"Baba, kai ka rufe biro jiya?"

"Ni ne."

"Ka ga hoto?"

"Na share, na rufe, na tahi."

Bai ɗaga kai ba. Alƙasim ya lura amsar ba ta tambayar ba ce, amma ya sallame shi. Ya ja kujera kusa da Ruth, yana dafe da kumatu.

"Nuna mini aikin."

Ruth ta buɗe shafin farko. Ga Titus daga kafaɗa zuwa ƙugu cikin farar riga, ya ɗaure fuska kamar an tilasta shi. A ƙasa an rubuta sunansa.

"Ashe hoton shina ciki," in ji Alƙasim.

"Kwafinsa ne. Sikana ta ɗauka, ni kuma na ɗora shi a shafin. Littafi zai fita. Amma Mama Hulda ba littafi ta ba ni ajiya ba." Muryarta ta karye.

Alƙasim ya matso da fuska kusa da gilashin. A gefen gwiwar hannun Titus, dab da iyakar hoton, akwai wani ɗan abu.

"Wannan mi ne?"

"Ƙafar jariri ce. Akwai wata mata tsaye a gefensa da goyo a hannu. Jonatan ya ɗora rula a kan hoton jiya da safe, ya ce daga nan zuwa nan za mu ɗauka, tunda littafin na Majo ne."

"Wa ke biro lokacin?"

Ruth ta ce, "Baba Ango shina shara."

"To kin yanke matar ke nan, ta tahi."

"A'a, Ajidan, nan ba a yankewa. Ɓoyewa ake. Hoton duka shina ciki, akwatin da na sa shi kamar taga ne. In na rage taga, gefe ya ɓuya. In na buɗe, ya dawo."

"Buɗe tagar."

Ruth ta kama ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, ta riƙo kusurwar akwatin, ta ja shi dama a hankali. Jaririn ya fito. Hannu ya biyo, da awarwaro ɗaya. Sai kafaɗa, sai fuskar wata yarinyar mace, ramammiya, tana dariya da dukkan bakinta.

Daga bakin ƙofa Lahadi ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah, Cima!"

"Wace ce Cima?"

"Matar Ango. A amalanke anka kawo ta daga Azarori, naƙuda ta ƙi. Majo Titus ya tsaya kanta har ta sauka. Ranar sallama wani likita Bature ya ɗauki hoton nan. Ta koma gida, damina ba ta ƙare ba zazzaɓi ya ɗauke ta. Jaririyar nan Aziza ce, yanzu ita ma goyo gare ta."

Alƙasim ya iske Ango a gindin bishiya bayan biro, tsintsiya a gefe, bai taɓa ta ba. Ya cire hula ya zauna a ƙasa kusa da shi.

"Baba, bari in faɗa maka abin da na gani. Ba a fasa ƙofa ba, mai makulli ne. Jonatan shina Buza. Ɓarawon gaske rediyo zai ɗauka, ba tsohon almakashi ba. Wanda ya ɗauki almakashi tsoron yanka yake. Mutum ɗaya ne ya shekara yana share guntayen hotuna a biron nan, kuma shi ya ga an ɗora rula tsakanin Majo da Cima."

Ango ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da ƙyalle fari, ya warware. Hoton na nan lafiya, ko lanƙwasa babu.

"Almakashin shina bisa kabad," ya ce. "Shi na fara ɓoyewa. Na kai ƙofa, sai na ce za su aro wani. Sai na dawo na ɗauki hoton." Ya shafa gefen hoton. "Ban san akwai hoton Cima a duniya ba, Ajidan. Na ɗaga kai daga shara sai ga ta. Wallahi na manta fuskarta, muryarta kaɗai ta rage mini. Na duba gilashin nan, an riga an cire ta. Na ce gobe sai na takarda, kuma ni za a ce in share. Aziza ba ta taɓa ganin uwarta ba."

Tausayi ya kama Alƙasim har ya manta da haƙorinsa. Duk da haka ya ce, "Ɗauka ce ba da izini ba, Baba. Maganar tana hannun mai hoto."

Aka kira Hulda. Ta shigo biro a hankali, tana dogara sanda, aka ba ta labari duka. Ta karɓi hoton ta rungume shi a ƙirji tukuna, sannan ta dube shi, ta dubi Ango da ke tsugune a bakin ƙofa.

"Ango, shekara da shekaru tana rataye a ɗakina ban san sunanta ba. Baƙuwa nike ce mata. In na goge ma Titus ƙura, ita ma in goge mata. Da ka taɓa shigowa ɗakina da ka gan ta tuni."

"Ki gafarce ni, Mama."

"Tashi, don Allah. Ajidan, ba ni da ƙara." Ta juya wurin Ruth. "Ɗiyata, bar tagar nan a buɗe. Aikinsa ke nan, a gan shi tare da aikinsa. Ki rubuta sunanta a ƙasa."

Ruth ta rubuta. Sannan ta buɗe sabon shafi, ta sake ɗora hoton, ta rage tagar ta ɗaya gefen har Titus ya ɓuya, ta ja kusurwa Cima da jaririyar suka cika takardar.

Ango ya zabura. "Majo fa? Ina anka kai shi?"

"Shina nan, Baba, bayan taga," in ji Ruth, tana dariya tana hawaye.

Na'urar bugawa ta yi ta ƙugi, takardar na fitowa kaɗan-kaɗan. Hulda ta naɗe hoton a kallabinta, sai kuma ta miƙa wa Ango.

"Kai wa Aziza na gasken ta riƙe a hannunta, ka maido mini kahin ranar addu'a. Takardar kuwa taku ce."

Alƙasim ya sa hularsa zai koma layin haƙori, amma ya tsaya a ƙofa. Ango ya goge tafin hannunsa a riga sau biyu kafin ya karɓi takardar, da ɗuminta. Ya kai ta bakin taga wurin haske, ya daɗe yana kallo.

"Ashe wushirya gare ta," ya ce. "Na manta."