Gashin Duna da Jan Zare

Ranar kasuwar Gure ce, Balkisa na tsaye a gefen kara, inda ake sayar da dabbobi, tana jiran babanta ya gama ciniki, sai ta lura da wani saurayi yana bin akuyarta da ido. Duna yake kallo, baƙar akuyar da ta rena da hannunta, wadda ta biyo garke don kawai ba ta yarda a bar ta a gida.

Ya matso ya tsuguna, ya kama gashin ƙeyar akuyar yana murzawa tsakanin yatsu. Bai taɓa cinya ba, bai duba haƙori ba, alhali duk mai sayen dabba daga nan yake farawa. Balkisa ta ƙara naɗe igiyar a hannunta.

"Malam, lahiya?"

"Lahiya lau. Taki ce?"

"Tawa ce, kuma ba ta sayarwa ba ce."

"Ni ma ba akuyar nake so ba. Gashinta nake so, ɗan kaɗan."

Balkisa ta ja da baya. A gidansu ba a wasa da gashi. Kakarta, Ya Kaka, ta horar da ita tun tana ƙarama cewa duk wadda ta yi tsifa ta tattara abin da ya zuba ta cusa a tsagar bango, don da gashi ake yi wa mutum asiri. Yau ga wani da rana tsaka yana roƙon na akuyarta, yana murmushi kamar ruwan sha ya roƙa.

"Mi za ka yi da shi?"

"Burushi. Sunana Fadilu, mai zane ne ni. Atalyena, shagon da nake aiki, na bayan tasha. Na kanti da nake sayowa daga Damagaram zubar da gashi suke yi cikin fenti, shi ya sa nake haɗa nawa."

"Sai na gani da idona," in ji ta. Ta ja Duna ta yi gaba. Sau biyu ta waiga, ta ce wa ranta don ta tabbatar bai biyo su ba ne.

Ta je ta gani ɗin. Hanyar garkarsu ba ta bayan tasha take ba, amma ranar ta nan ta bi. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shiga.

Fadilu ya ɗauko wani tsohon gwangwanin madara cike da burusai. Ya zaro ɗaya ya tsoma a ruwa, ya yarfe, ya ɗaga shi sama.

"Kin ga bakin ya haɗe wuri guda? Wannan na gashin kunnen saniya ne, da shi nake zana ido." Ya danna shi a farcen babban yatsa, ya saki, gashin ya miƙe. "In bai tashi ba, ba ya aiki. Na akuya yana riƙe ruwa, amma rago ne. Na wutsiyar doki mai ƙarfi ne, na bango. Na raƙumi kuwa na gwada, murɗewa yake yi, na haƙura."

Ya ce ba a taɓa yi wa bakin gashi almakashi. Daga gindi ake yankowa, a wanke da toka, a ɗaure da zare, a sa ƙaro, a cusa cikin guntun eriyar rediyo. Sannan ya shafa burushin a ƙasan idonsa don ya ji ko yana suka.

"Miƙo hannunki."

Ta miƙa bayan hannu, tana harararsa. Ya ja mata layin ruwa siriri daga wuyan hannu zuwa yatsa. Ruwan ya bushe kafin ta kai garka, amma wurin bai daina yi mata sanyi ba.

Akwai guda ɗaya mai ƙota naɗe da jar fata wanda bai tsoma a ruwa ba. Ya ce daga wutsiyar goɗiyar mahaifinsa ya haɗa shi, kafin mahaifin ya rasu, goɗiyar ma ta bi shi. Da shi yake fara kowane aiki.

Bayan mako ɗaya Duna ta rasa ɗan gashin ƙeyarta, Fadilu kuma ya samu lambar wayar Balkisa, saƙonni suka fara shigowa.

"Uwar Duna, burushin 'yarki ya fito. Laushinsa kamar maganarki in ba kya faɗa."

"Ɓarawon gashi, yaushe ka taɓa jin maganata ba faɗa?"

"Ina jira. Ina da haƙuri, mai zane ne ni."

Da ya fara zuwa zance, Malam Husseini, babanta, ya ce shi bai san zane a matsayin sana'ar riƙe gida ba, amma zai ji ta bakin tsohuwa. Ya Kaka kuwa ta amsa gaisuwar Fadilu a taƙaice, idonta na kan yatsunsa masu fenti. Da ya tafi ta ce, "Yaron da ke yawo da almakashi a aljihu, yana bin dabbobin mutane? Allah ya kyauta."

Ma'azu ne ya fi kowa jin daɗin wannan magana. Ɗan ƙanwar babanta ne, mai butik, ɗan kantin kaya, a bakin kasuwa, wanda ya daɗe yana ganin Balkisa tasa ce ko bai tambaya ba. Wata safiya ya shigo da fara'ar mai kawo mugun labari, ya miƙa wa Ya Kaka wayarsa. Hoton teburin Fadilu ne: kwanon toka, ƙaro, da ƙullin baƙin gashi ɗaure da jan zare.

"Ya Kaka, kin taɓa ganin kayan aikin mai fenti haka? Ki duba yadda yarinyar nan ta koma. Ko miya take kaɗawa, wayarta na hannu."

"Na Duna ne," in ji Balkisa.

"Haka ya ce miki."

Balkisa ta kau da kai daga wayar. Akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba. Tun da Fadilu ya fara zuwa gidan, duk gashin da ta cusa a tsagar bangon zaure, washegari babu shi. Ta yi shiru a kai don kada a zarge shi. Yanzu ita ce ta fara zarginsa.

Ta shiga bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Me ya sa ta bi ta bayan tasha ranar nan? Me ya shafa mata a hannu, ruwa ne kawai? Ita da samari ke shakkar bakinta, ta yaya aka yi take zaman jiran saƙon mutum kamar mai jiran a sha ruwa da azumi? Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta san ko son da take ji nata ne ba, ko sa mata aka yi. Ta yi kuka sosai, don tana sonsa kuma tana tsoron son.

"Uwar Duna, shiru yau. Lahiya?"

Ta kife wayar, wani saƙon ya sake shigowa.

"Balki, in laihi na yi, ki gaya mini in san inda zan fara ba da haƙuri."

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa: "Gashin wa ke kan teburinka?"

Da hantsi ta same shi a atalye. Wannan karon ta shiga har ciki, ta zayyana masa komai, har da tsagar bango. Ya saurare ta bai katse ta ba.

"Gashin mutum ba ya burushi, Balki. Murɗewa yake yi."

"Ai ba burushi ake cewa ka yi da shi ba."

Sai ya tattara ƙullin, ya sa cikin gwangwanin, ya ɗora mata a hannu. Mai jar fatar nan yana ciki, ta gan shi.

"Rantsuwa ba za ta yi miki ba, na gani a idonki. Ki tahi da su duka a ƙona. In kin wayi gari ba kya sona, to asiri ne, ba zan ƙara taka ƙofarku ba."

"Ka cire na babanka."

"In na cire ɗaya, a kansa zarginki zai zauna."

Ya Kaka ba ta ɓata lokaci ba. Da aka sauke koko washegari, ta juye gwangwanin cikin murhu tana addu'a. Ƙauri ya cika gidan. Balkisa na tsaye tana kallon jar fatar na ƙanƙancewa, ta ji kamar fatarta ce.

"Shi ke nan, ya karye," in ji Ya Kaka. "Za ki ji kanki ya yi sakayau."

Balkisa ta zauna jiran sakayau. Kullum da safe takan binciki zuciyarta kamar mai taɓa gyambo, ta tarar da Fadilu yana nan daram. Ta rame. Ma'azu ya yi ta zarya da turare da biskit, ko kallonsu ba ta yi. Labari ya zo mata cewa Fadilu na zana bangon wata lakwal, makarantar boko, da asuwaki, yana tauna bakinsa ya tsoma a fenti, layukan na fitowa kaca-kaca. Bai aiko saƙo ko ɗaya ba.

Ranar da ta sake tsifa, ta cusa gashin a tsagar bango kamar kullum, ta wuce ɗaki. Ta tuna ta bar mataji, ta dawo. Ga Ya Kaka a zaure, ta zura yatsu biyu cikin tsagar, tana ƙulle abin da ta zaro a bakin zane.

"Ya Kaka!"

Tsohuwar ko gezau. "Mi ne ne? Tun da yaron nan ya fara shigowa nake kwashewa. Ta nan yake wucewa, in bar masa a hanya? Duk suna gindin dabinon garka, na binne."

Balkisa ta zauna a ƙasa.

"Ɓatan gashin nan ne ya sa na karɓo gwangwaninsa. Na ɗauka shi ke ɗauka. Har da na goɗiyar babansa muka ƙona, Ya Kaka, abin da ya rage masa ke nan na mahaifinsa."

"Ke kuma domi ba ki faɗa mini yana ɓacewa ba?"

"Don kada ki zarge shi."

Ya Kaka ta dubi ƙullin da ke bakin zanenta, ta dubi jikarta da wuyanta ya yi tsawo don rama. Can ta ce, a hankali, "Asirin da aka ƙona ba ya ƙara ƙarhi." Sannan ta ce, "Goɗiyar nan, ta bar 'ya?"

Ya Kaka ba ta iya ba da haƙuri ba, duk Gure an san haka. Kuma ta tsani mota, amai take sa ta. Amma ta sa aka yi mata cigiya wurin dillalan kara, aka ce goɗiyar marigayi Malam Isufu, mahaifin Fadilu, ta bar ɗiya, tana hannun wani mutum a Bune. Ranar kasuwar can ta ɗaura zane ta hau motar.

Balkisa ce ta raka ta atalye bayan ta dawo. Fadilu ya miƙe da sauri ya durƙusa. Ya rame shi ma, leɓensa duk ɓawon asuwaki. Tsohuwar ta kwance bakin zane, ta ajiye masa tufkar gashin wutsiya a kan tebur, ɗaure da jan zare.

"Na ɗiyar goɗiyar ubanka ne. Daga gindi na yanko, ban taɓa bakin ba, haka yarinyar nan ta ce. Haɗa in gani."

Ya wanke da toka, ya jera, ya ɗaure, ya sa ƙaro. Ya Kaka ta zauna a kan benci ta tsare shi da ido har ya bushe. Ya tsoma a ruwa, ya yarfe, ya danna a farce, ya saki. Gashin ya miƙe tsaf.

"Ya tashi," in ji shi.

"Ba shi ne wancan ba," in ji Ya Kaka. "Wancan ni na ƙona, ba zai dawo ba."

"Jini ɗaya ne, Ya Kaka. Na gode."

Ta miƙe tana gyara mayafi. "Ka turo manyanka. Husseini kuma ka bar ni da shi."

Da yamma saƙon Balkisa ya shiga wayarsa: "Na danne ka har ƙasa, ka yahe mini."

"Uwar Duna, ai na tashi. Kuma yau na ji maganarki ba faɗa."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Ma'azu ya zo, ya ci shinkafa, ya ce shi dama bai ce komai ba, hoto kawai ya nuna. Cikin kayan amarya, tsakanin kwanuka da tabarmi, aka ga wani sabon gwangwani cike da ƙulle-ƙullen gashi: na kunnen saniya daga Gamu, na awaki, na doki. Ya Kaka ce ta bi danginta gida-gida da almakashi, har aka fara yi da ita a gari. Duna ma ta bi amarya, don har yanzu ba ta yarda a bar ta.

Da za a fita da Balkisa, tsohuwar ta riƙe hannunta, ta sa a na Fadilu.

"Allah ya zaunar da ku lahiya, ya ba ku zuri'a mai albarka. Abin da ya shige muku duhu, ku tambayi juna tun da sauran rana. Allah ya tsare ku daga bakin mutane, har da nawa."

Mata suka ce amin, guɗa ta tashi. Balkisa na kuka cikin mayafi, ta matse hannun mijinta, wannan karon ta san son nata ne.