Mai Sulke Yana Neman 'Ya'yansa

Ka taɓa juya munduwar da ke hannun ɗanka ka duba abin da ke cikinta?

Ni Muttaka ban taɓa ba, sai da abin nan ya same mu a hanyar Bakura.

Bara na gama karatun Tarihi, na dawo gida kaina cike da tsare-tsare. Babban burina in buɗe ɗan ɗakin kayan tarihi, inda yara za su taɓa abin da ake koya musu da hannunsu. Shi ya sa duk Talata sai na zagaya layin 'yan gwangwan a kasuwar Mafara. Ranar nan ina tare da Raliya, 'yar yayata Lantana, yarinyar da ko makaranta ba a sa ta ba. Ni zan mayar da ita Birnin Tudu wurin uwarta.

A rumfar Ɗanasabe na hango wani fallen tagulla jingine da tsohon injin ban ruwa. Ina goge shi gabana ya faɗi don murna. An zana mutum cikin sulke da kwalkwali, takobi a ƙugu, kare kwance ƙarƙashin ƙafafunsa, matarsa a gefe. Irin wanda ake kafawa a kan kabarin sarakunan yaƙin Ingila ne, shekaru aru-aru da suka wuce. Akan jera 'ya'yan mutum daga ƙasa, a durƙushe, tafuka haɗe. A nan yaro ɗaya kawai ya saura a lungu, riƙe da ƙoƙon kai, alamar ya riga ubansa mutuwa. Sauran jerin an datse shi da zarto.

"Ina ƙasan, Ɗanasabe?"

"Kai ɗan boko da tambaya! Cikin kayan Legas yaz zo. Maƙeri na ba gindin, ya yi mundayen yara, duk sun tafi." Ya lalubi aljihu. "Ga guda ta rage. Zo nan, amaryata."

Ya zura wa Raliya a hannu, tana ta dariya.

Na biya kuɗin tagullar, na ɗaure ta a bayan babur, na ɗora yarinyar a gaba. Tafe nake ina tsara yadda zan ba ɗalibai labarinsa: basaraken da ya ƙetare teku ya tafi yaƙi, ya dawo ya tarar annoba ta share masa gida, ya sa aka jera masa 'ya'yansa a ƙafafunsa don kada wani ya sake barinsa. Ni a tunanina ƙirƙira nake yi.

Rana ta yi ja muna tsakiyar gonakin shinkafa. Babur ya yi tari, ya mutu.

Kwaɗi suka yi tsit.

Sai wani wari. Ba na taɓo ba ne. Warin dutse mai danshi, da tsohon kyandir, da tsatsa.

"Kawu," in ji Raliya a hankali, "sanyi."

Tururi na fita daga bakinta. A watan zafi.

Daga bakin magudanar ruwa na ji shi. Cas. Cas. Ƙarfe na gugar ƙarfe, a natse, kamar tafiyar mai nauyin kaya. Bayansa kuma hakin kare.

Na buga babur. Na sake bugawa. Ko motsi.

Ina waiwayowa, Raliya ta sauka. Tana durƙushe a tsakiyar hanya, tafukanta haɗe a ƙirji. Babu mai addu'a haka a gidanmu. Ba ta taɓa ganin ana yi ba.

"Raliya, tashi. Don Allah tashi."

Na ɗago ta, ta ƙi ɗaguwa. Nauyinta kamar an kafe ta da ƙusa. Fatar hannunta daga wurin munduwar ta fara rikiɗa, tana yin launin tagulla, tana hawa gwiwar hannu.

Mai sulken ya fito daga cikin shinkafa. Dogo ne. Ruwa na ɗiga daga sulkensa. Cikin kwalkwalin babu komai sai duhu.

Bai kalle ni ba. Hannu ya miƙa mata, kamar uban da ya zo ɗaukar 'yarsa daga gidan maƙwabta.

"Baba ya dawo," in ji Raliya. Muryar ba tata ba ce.

"Ba taka ba ce! Wallahi ɗiyar Lantana ce!"

Na ja munduwar. Ta matse. Na sa haƙori, na ji ɗanɗanon jini. Ayatul Kursiyyu na kakkaryewa a bakina.

Cas.

Na kwance murfin baƙin man babur, na tsoma yatsu, ya ƙona ni, na shafe mata hannu. Na murɗa. Ta yi ƙara.

Cas.

Sanyinsa ya taɓa ƙeyata.

Munduwar ta zame. Na jefa masa, na tsinke igiyar tagullar ta faɗi ƙasa, na sungumi yarinyar. Ta koma sakayau kamar kullum. Na ruga ban waiwaya ba, har sai da na ji kiran sallar magariba daga Birnin Tudu.

Malam Nasidi, limaminmu, ya yi mata tofi. Ya ce matacce ba ya dawowa. Aljanin da ya daɗe a kabarin mai sulken ne ya ɗauki kamarsa, ya ɗauki har baƙin cikinsa. Lantana ta daina yi mini magana. Raliya ta warke, amma wuyan hannunta har yau sanyi gare shi.

Washegari da hantsi na koma ɗauko babur. Tagullar na nan kwance a hanya. Yaran da ke ƙasanta sun zama biyu, babu ko alamar walda. Gefensu kuwa fili ne mai tsawo, yana jiran sauran.

Ɗanasabe bai san waɗanda suka sayi sauran mundayen ba. Maƙerin ya ce mata ne, daga Garbadu, daga Kaya, har daga cikin Maradun.

Don girman Allah, ajiye wannan karatun ka kira yaranka. Juya munduwar. In ka ga zanen 'yan yatsu haɗe a cikinta, cire ta tun rana ba ta yi ja ba, ka kai wa Malam Nasidi a Birnin Tudu. In ta ƙi fita, sa mai.