Baƙin da ke Ɗakin Madubai

"Yaya, buɗe min ƙofar nan."

Auta ce tsaye cikin shagon gilashi da rana tsaka, ko zaren da ke wuyanta ba ta cire ba da ta baro keken ɗinki. Yayan saurayinta ya tokare ƙofar ɗakin ajiya, makulli a damƙe.

"Kwana uku kenan ko ɗigon giya bai lasa ba," ya ce yana hura hanci. "Ni na kulle shi. Ba babanki ne ya ce ya daina ko a fasa auren ba? To wanke miki shi nake."

"To da wa yake magana a ciki?"



Wata murya ce ke fitowa ta ƙasan ƙofar, a hankali, cike da ladabi.

"Sannunku... ku matso ciki... akwai wuri..."

Ta fizge makullin.

Duk madubin da ke ɗakin an juya fuskarsa bango, manya da ƙanana, sun fi talatin. Saurayin nata, Mai Gilashi, na tsugune a tsakiya, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Yana tsintar wani abu daga fatar hannunsa yana jerawa a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Ƙasan kuwa babu komai.

"Masoyi..."

"Auta, kar ki taka musu ƙafa."

"Su wa?"

"Na cikin madubi. Na juya su, sai suka biyo ta baya." Ya ɗaga ido ya dubi saman kafaɗarta, ya yi murmushi. "Wannan ta bayanki ta fi su tsawo. Tun jiya ba ta ƙifta ido ba."

 Ƙeyar Auta ta yi sanyi kamar an hura mata iska. Ba ta waiwaya ba.

"Kin ji ko?" in ji Yaya daga bakin ƙofa, shi ma bai yarda ya shigo ba. "Shaiɗanun kwalbar ne ke fita. A bar su su gama."

Shirme kenan. Ni mai ba ku labarin nan ban yi boko ba, amma ramin giyar nan na taɓa faɗawa na fito da ƙafata, ba mai koya min shi. Jikin da ya shekara goma yana sha, in aka yanke masa farat ɗaya, kan mai shi yake hucewa.

Auta ta durƙusa ta dafa goshinsa. Wuta. Ta dafa ƙirjinsa, zuciyar na gudu kamar kekenta in ta taka shi da ƙarfi.

"Yaya, wannan ciwo ne. Nemo mota."

"Mutane su gan shi haka? Ina mutuncin gidanmu?"

Kafin ta amsa, jikin Mai Gilashi ya sanƙare, ya faɗi yana jijjiga, ƙafarsa na bugun bayan wani madubi, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar mai neman a buɗe masa.

Yaya ne da kansa ya ciccibe shi.

A asibiti likitar ta dubi Yaya ta saman tabarau.

"Da ya ƙara wuni, gawa za ka buɗe wa ƙofa. Cuta ce, malam. Da magani ake sauko da shi, a hankali, kuma ba a gamawa rana ɗaya."

Bayan mako biyu baban Auta ya zo, ya tsaya ƙiƙam a kan gadon.

"Rantse ba za ka ƙara ba."

"Baba, sau bakwai na taɓa rantsewa," in ji Mai Gilashi, kansa a ƙasa. "Ba zan yi maka ta takwas ba. Duk mako dai zan riƙa zuwa ganin likita."

Tsoho ya juya zai fita.

"Baba," Auta ta ce, "hawan jininka, ka taɓa rantsewa ba zai ƙara tashi ba? Shekara nawa Inna na raka ka asibitin nan?"

"Marar kunya. Ni kike haɗawa da shi?"

"Ni da Inna nake haɗa kaina."

Ya daɗe riƙe da labulen ƙofa. Can ya saki, ya dawo ya ja kujera ya zauna.

"Wace rana suka ba ka?"

"Litinin, Baba."

"Ce musu su mayar da ita Laraba. Ranar nake zuwa. Surukina ba zai zauna a layi shi kaɗai ba."