Matar da Ba Ta Tura Baƙo Inda Ba Ta Taka Ba

A wani gari an yi wata mata mai ɗan shagon shirya tafiye-tafiye. Ita ke nemar wa matafiya mota, ta kama musu masauki. Dokarta ɗaya ce: ba ta tura mutum inda ba ta taka ba. Maƙwabcinta, mai irin sana'arta, kullum dariya yake mata, wai riba tana ƙarewa a kuɗin mota.

Ana nan, kasuwa ta yi mata sanyi, mako guda ba ciniki. Sai ga shugabar masu saƙa ta shigo.

"'Yata, mu talatin ne, za mu biki bayan duwatsu. Kin san garin?"

Matar ta dubi shagonta wayam. "Ban taka ba, Inna. Ki ba ni kwana biyu."

Maƙwabcin ya leƙo. "Kwana biyun me? Ni yau ma sai ku tashi!" Mutum ashirin suka bi shi.

Matar ta rufe shago ta kama hanya. Ta tarar ruwa ya cinye gada, ta yi ta tambaya har ta gano wata hanya ta zagaye. Ta dawo ta kwashi mutum gomanta, suka isa ana ɗora tukwane. Ashirin ɗin kuwa daga bakin gada suka juyo, ba su ga amarya ba.

Bayan sallah sai ga su talatin cif a ƙofarta, za su wani bikin.

Shugabar ta ce, "'Yata, kin taka?"

"Ban taka ba tukuna, Inna."

Tsohuwar ta gyara zama. "To, je ki. Muna jira."