Kwalabe Shida Masu Ɗaci

Ranar Lahadi da safe, Sufeto Ubaidullahi Gwadabe bai ko kurɓi shayinsa ba aka ajiye masa takarda a tebur. An yi sata a wata cibiyar binciken magani da ke unguwar Alsawra, a Omdurman ta ƙasar Sudan. Abin da aka ɗauke kwalabe shida ne.

Ya karanta, ya yi tsaki. A Omdurman da ake ɗauke mota sukutum da rana tsaka, shi za a tura neman kwalabe. Amma aiki aiki ne, ya ɗauki hularsa ya fita.

Shugabar cibiyar, Dakta Mayada, likitar zuciya ce, siririyar mace mai saurin magana. A bakin ƙofa ta tare shi, ko gaisuwar kirki ba ta bari sun gama ba.

"Janabu," ta ce, yadda ake kiran jami'in ɗan sanda a nan, "bari in yi maka bayani, in ba haka ba za ka ɗauka wasa ne. Akwai matan da zuciyarsu kan raunana bayan haihuwa. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara. Sabon magani muke gwadawa a kansu, mata ɗari da arba'in."

"To, shi aka sace?"

"Ban sani ba."

Sufeto ya ɗaga kai ya dube ta.

"Haka tsarin yake," in ji ta. "Rabin kwalaben magani ne na gaske. Rabin ƙwayar wofi ce, gari aka dunƙula, kamarsu ɗaya sak. Ni ban san wanne ne wanne ba, matan ma ba su sani ba, don kada zato ya shiga cikin sakamakon. Kuma kowacce tana ci gaba da shan tsohon maganinta, wannan doka ce. Mutum ɗaya ne ya san sirrin lambobin, Husam mai kula da ɗakin magani."

Ta rage murya. "Kwalaben ba su dame ni ba, wallahi. Wadda ke haɗiyarsu ce ta dame ni. In na gaske ne, ba a shansa sai ana auna ƙoda duk mako. In na wofi ne kuma ta dogara da shi ta bar tsohon, to ruwa zai cika mata huhu. Ta kowace fuska akwai wata mace a garin nan da ke cikin haɗari, kuma ban san sunanta ba."

Tsakin da Sufeto ya taho da shi tun daga ofis, nan ya haɗiye shi.

Ɗakin maganin ƙarami ne, da kabad na ƙarfe a kusurwa. Ba a ɓalle kwado ba, ba a taɓa taga ba. Kwalabe arba'in aka jera ranar Alhamis da safe. Shida sun ɓace, takwas kuma an ɓare musu murfi an mayar da su wurinsu.

Sufeto ya zazzage ɗaya a tafin hannunsa. Cikin ƙwayoyin akwai guda da aka gatsa rabi, ga shatin haƙori ɓaro-ɓaro. Ya duba sauran bakwai, kowacce da gatsattsiyar ƙwaya ɗaya a ciki.

Ya daɗe yana juya ta da yatsa. Ɓarawon da zai kai kasuwa ba ya tsayawa ɗanɗano, kwashewa yake ya yi gaba. Wannan zaɓe ya yi. Kuma ko ragowar da ya gatsa bai iya yarwa ba, sai da ya mayar. Mutumin da ya san darajar magani ne, irin wanda ya sha neman sa ya rasa.

Husam matashi ne mai ƙwalisa, farar rigarsa ta aiki kamar yau aka ɗinka.

"Makulli nawa ne?"

"Ɗaya, janabu. Ga shi nan a aljihun rigata."

"Ka taɓa ba wani?"

"Ko Daktora ban taɓa ba. Bai taɓa barin aljihun nan ba."

"Yaushe ka buɗe kabad ɗin na ƙarshe?"

"Alhamis da safe. Juma'a da Asabar ba aiki. Yau na buɗe na ga haka."

Sufeto bai ƙara tambaya ba. Ya ja kujera ya zauna a baranda kamar wanda ya zo hutu. Shekara ashirin yana wannan aiki, ya san akwai gaskiyar da ba a tatso ta da tambaya, sai dai a jira ta.

Ƙarfe goma da rabi wani ya leƙo ya ce fatur, wato karin kumallon hantsi, ya sauka. Duk wanda ya yi aiki a Sudan ya san wannan kira. Ofis kan mutu murus, babba da ƙarami a zagaye kwano ɗaya na dafaffen waken ful da man riɗi a bayan gini. Husam ya fito da sauri, ya tuɓe farar rigarsa don kada mai ya ɗiga mata, ya rataye ta a ƙusa bayan ƙofa, ya nufi kwano.

Sufeto ya miƙe, ya zura hannu a aljihun rigar, ya bi shi yana kaɗa makullin.

"Gaskiyarka, malam Husam. Makullin bai taɓa barin aljihu ba. Kai ne kake barin aljihun kullum, rabin sa'a."

Husam ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Ranar Alhamis wa da wa suka ci a kwanon nan?"

Suka dubi juna suna lissafi. Kowa ya ci, har mai gadi. Sai wata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Ban da Hajo mai shara. Azumi ta ce tana yi."

A ƙarshen baranda ya same ta tana matse tsumma. Dattijuwa ce da ta haura sittin, shekararta goma sha bakwai tana share cibiyar. Da ta karanci fuskarsa sai ta bar Larabci ta koma Hausa.

"Ɗan gidan wa?"

"Jikan Malam Gwadabe ne, na tsohuwar kasuwa."

"Allah sarki. Ayari ɗaya suka taso da kakana daga Haɗeja, da niyyar Makka. Nan guzuri ya ƙare musu."

"Inna, ranar Alhamis ina kike lokacin fatur?"

"Ina kan tabarmata ina lazimi. Azumin Alhamis ba ya wuce ni, ɗana."

"Mutanen gida fa, kowa lafiya?"

"Lafiya lau," ta ce da sauri, ta sunkuya ta ci gaba da matsar tsumman da ya riga ya bushe.

Zuciyarsa ta yi nauyi. Muryarta irin ta mahaifiyarsa ce, har yadda take jan "ɗana". Bai so ya zama ita ba, ko kaɗan bai so ba.

A ƙofar cibiyar, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, Sulafa mai shayi ke da teburinta da kujerun roba. A nan matan da ke cikin gwajin kan zauna jiran layi. Sufeto ya sa ta haɗa masa shayi da na'ana'a.

"Me suke hira a kai, matan nan?"

Sulafa ta yi dariya. "Me kuwa ban da ƙwayarsu? Daktora tana ciki tana ganin ta ɓoye musu sirri, su kuwa tuni suka yanke hukunci. Tauna ta suke yi. Wadda tata ta yi ɗaci sosai sai ta hau murna, wai ta dace da na gaske. Wadda tata ba ɗaci sai ka ga ta yi jugum. Ka san mutanenmu, magani in ba ɗaci ai ba magani ba ne."

Ya sani mana. Da wannan karatun aka ɗura masa sabara da maɗaci yana yaro.

"Hajo tana zama da su?"

"Kullum. Baiwar Allah, kwanan nan ma ba ta cikin hayyacinta. Ranar Alhamis ta fito tana tofar da yawu, ta ce in taimaka mata da cokalin sukari, bakinta kamar ta tauna maɗaci. Cokali biyu na ba ta."

"Da wane lokaci?"

"Suna can suna fatur."

Sufeto ya ajiye kofin. Mai azumi da sukari cokali biyu da hantsi. Shayin bai ƙara shiga bakinsa ba.

Ya koma wurin Dakta Mayada. "Akwai matan da suka nemi shiga gwajin kuka ƙi karɓarsu?"

Ta jawo fayil. Su goma sha tara ne. Ya bi da yatsa har ya tsaya a kan guda: Zuhura Ilyasu, shekara ashirin da shida, Kalakla, haihuwar fari.

"Na tuna ta," in ji likitar. "Mako biyu ke nan. Zuciyarta ta raunana ƙwarai, amma ƙodarta ba za ta ɗauki sabon ba. Na rubuta mata tsohon, na ce ta riƙe shi da kyau, ta kuma bar kunun kanwa. Ita kaɗai ta zo."

"Sunan mijin Hajo fa?"

Ma'aikaciyar jinyar ce ta amsa daga bakin ƙofa, a hankali. "Marigayi Ilyasu. Ba ta gaya mana 'yarta ce ba. Wataƙila kunya, in 'yar fari ce."

Aka aika kiran Hajo. Bokiti da tsumma suna nan, ita kuwa ta hau mota tun ɗazu.

Sufeto ya ja Husam gefe ya miƙa masa lambobin kwalaben da suka ɓace. "Buɗe littafinka. Rai ne a ciki."

Husam ya duba, ya sake dubawa.

"Duk shida na wofi ne, janabu."

"Duka? Ta yaya?"

"Na gasken yana da ɗan ɗaci. Shi ya sa masu haɗawa suke sa wa na wofin ɗaci, don kada a bambance. A wannan zubin hannunsu ya yi nauyi, na wofin ya fi ɗaci nesa ba kusa ba. Takwas ɗin da ta mayar, su ne maganin."

Dakta Mayada ta ɗauki jakarta ta ce a kira motar asibiti ta biyo su.

Daga Alsawra zuwa Kalakla tafiya ce, ga cunkoso a kan gada, ga rana. Sufeto yana tuƙi yana tunanin yadda mutum zai yi sata don ƙauna, ya yi ta da hankali da natsuwa, kuma hankalin nan nasa ya zama shi ya cuce shi. Da ta rufe ido ta ɗiba kawai, da wataƙila an samu wata matsalar daban. Amma ta tsaya ta zaɓa, da iyakar ilimin da iyayenta suka bar mata.

Gidan ɗaki biyu ne da tsakar gida. Tukunyar kunun kanwa tana kan gawayi, ga babbar tukunyar ruwan wankan jego a gefe. A cikin ɗaki Zuhura tana zaune an tokare ta da matasai uku, domin kwanciya ta gagare ta. Ƙafafunta sun kumbura suntum, numfashinta kamar ana jan zarto. Jaririn yana barci kusa da ita. Hajo na tsaye da kofin ruwa da ƙwaya a tafin hannu.

Dakta Mayada ta wuce ta kai tsaye ta ɗora abin sauraro a bayan yarinyar.

"Ina tsohon maganin da na rubuta miki?"

Zuhura ta dubi uwarta.

"Na ɗauke," in ji Hajo. "Tun Alhamis. Fitsari kawai yake sa ta, yana tsotse mata nono. Na ce tunda babban ya samu, me za a yi da ƙarami? Kada su haɗu a ciki ɗaya ya karya ɗaya."

Likitar ta buɗe jakarta. Ta haɗa allura ta yi wa Zuhura, ta ce da masu motar su kawo tukunyar iskar numfashi, maza.

Bayan an fita da yarinyar, wata maƙwabciya ta ɗauki jaririn ta bi su. Hajo ta shiga ƙuryar ɗaki ta fito da ƙullin zane, ta kwance a gaban Sufeto. Kwalabe shida, biyar ba a taɓa ba ban da ƙwayar da ta ɗanɗana a kowacce.

"Ni na ɗauka, ɗana. Ba sai ka wahalar da yaron nan Husam ba. Shekara goma sha bakwai ina share ɗakin nan, ko allura ban taɓa ɗauka ba. Ina gani 'ya'yan wasu suna shigowa da kumburi suna fita da ƙafarsu. Tawa ta zo aka ce ba ta cancanta ba. Kai da kai ne fa?"

Sufeto ya ɗauki kwalba ɗaya yana duba lambarta.

"Abu ɗaya nake roƙo," ta ce. "Ni ku kai ni duk inda za ku kai ni. Amma ka ce wa Daktora ta bar mata ko kwalba biyu ta ƙarasa. Na zaɓo mata masu ƙarfin, ɗaya bayan ɗaya na tauna."

Sufeto Ubaidullahi ya sha gaya wa mutane mutuwar 'yan'uwansu, ya sha karanta wa mutum laifin da zai kai shi kurkuku. Bai taɓa jin magana ta yi masa nauyi a baki kamar wannan ba. Ya so ya yi shiru ya bar ta da zatonta. Sai dai gobe a gaban alƙali za ta ji, a bakin wanda bai san kakanta ba.

Ya durƙusa daidai ita.

"Inna, waɗannan ba magani ba ne. Gari ne aka sa wa ɗaci. Maganin shi ne wanda kika mayar."

Ta dube shi, ta dubi kwalaben.

"Duk shidan?"

"Duk shidan."

"Kwana huɗu gari nake ba ta?"

"Eh, Inna."

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta riƙe bakinta da hannu, ta daɗe a haka. Can ta ce, "Za ta tashi?"

"Daktora ta ce mun zo a kan lokaci. Da an ƙara kwana ɗaya, da wani zancen ake."

"Alhamdu lillahi," in ji Hajo. "Gara da ka kama ni."

Ta tashi ta sauke tukunyar kunun daga wuta, ta juye shi a kwata, ta yafa mayafinta. Ankwa tana aljihun Sufeto, a nan ta zauna. Ya buɗe mata ƙofar gaba ta shiga.

Sun kusa gada ya ga tana ta haɗiyar yawu tana yamutsa fuska. Ya tsaya wurin wata mai shayi a bakin titi, ya sayo kofi ɗaya, ya ce a cika sukari. Hajo ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya.

"Sha mana, Inna."

"Bar shi, ɗana," ta ce. "Wannan ɗacin ba na baki ba ne."

Har suka isa ofishin 'yan sanda kofin yana hannunta, ya huce, ba ta kurɓa ba.