Ranar da Taɓarya Ta Yi Nauyi

A can wani zamani an yi wata mata da babu kamarta wajen lugude. Takan cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. Kowane gidan biki ita ake kira.

To, tsufa ya shigo mata ba sallama. Wata ranar suna ta je dakan gumba kamar kullum. Ta ɗaga taɓarya, kafaɗa ta ƙi. Ta sake ɗagawa, kafaɗa ta ƙi.

Wata budurwa ta ce, "Iya, kawo nan kafin ki daka ƙafarki."

"Ja'ira! Ina lugude tun uwarki ba ta iya ɗaurin zane ba!"

Ta figi mayafinta za ta tafi, ta ce ita da gidan biki har abada. Amma gwiwa ma ta ƙi. Sai ta zauna a inuwa tana huci.

Aka miƙo mata gumbar farko, ta gutsura. Shekara da shekaru tana daka wa mutane, ba ta taɓa zama ta ci a natse ba.

Ta lumshe ido, ta ajiye mayafin. "Ashe haka take da daɗi? Ke mai bakin nan, ƙara daka, akwai sauran tsaki."